Haƙurin Da Ba A Aike Ni Ba

Tun da na dawo daga Injamena ban huta ba. Duk wanda ya zo rumfata a Kasuwar Kifi ta Baga Road, kafin ya taya kwali sai ya ce, "Ado, ya Chadi? Ka ga Nasiru? Me ya ce?" Na ba mutum goma labari, kowa ya tafi ya ƙara nasa gishirin, har shekaranjiya wani ya zo yi mini jaje wai an tsare ni a kan gada kwana uku. Ba wanda ya tsare ni. Bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sayar da kifina.

Ga wanda bai san mu ba, Nasiru ƙanena ne, ciki ɗaya, shekara tara na ba shi. Iyayenmu daga Kano suka zo, mu kuwa a unguwar Lamisula ta Maiduguri aka binne cibiyarmu. Ni daga aji huɗu na shiga kasuwa. Shi ya zarce har ya zama akanta, irin waɗanda ƙungiyarsu take ba wa takardar shaida da lamba da hatimi. Ranar da ya kawo hatimin gida, Inna ta jujjuya shi a tafin hannu ta ce, "Wannan ɗan abin ne aka shekara ashirin ana nema?" Har shi sai da ya yi dariya.

Yana aiki a wani kamfanin gyaran shinkafa, ba zan kama suna ba. Ƙarshen wata shekara aka kawo masa rahoto aka ce ya buga hatiminsa. Ya karanta, ya ce abin da ke rubuce ba shi ne abin da idonsa ya gani ba, ba zai buga ba. Sati bai zagayo ba aka dakatar da shi, aka ce ya fitar da takardun kamfani ya kai wa abokan hamayya, aka kuma kai ƙararsa wurin ƙungiyarsu.

Ni da na ji, abin da kowane babban wa zai yi shi na yi. Ban tambaye shi ba, don a wurinmu ba a shawara da ƙane kan yadda za a ciro shi daga rami. Na sayi goro, na ɗauki Liman na unguwarmu da Bulama, wato mai unguwa, da dattawa biyu daga kasuwa, muka je gidan mai kamfanin bayan la'asar. Na durƙusa na ce, "Alhaji, yaro ne, ya yi kuskure, a dubi girman waɗannan bayin Allah a yafe masa." Ban san ko ya yi kuskuren ko bai yi ba. Haka ake faɗa. Mai ba da haƙuri ba ya zuwa da gardama. Alhaji ya yi murmushi ya ce ba komai, ya sa aka kawo mana lemo. Ashe wani yana gefe yana naɗar muryata da wayarsa.

Abin da ya isa ƙungiya shi ne: danginsa sun zo da Liman da Bulama sun amsa laifi da bakinsu. Nasiru ya same ni a rumfa, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Yaya, wa ya aike ka?" Na ce ai taimakonka na yi. Ya juya ya tafi. Bayan sati biyu ya kai matarsa da yara gidan iyayenta a Khaddamari, ya bar gari, ya canza lamba. Damina biyu ke nan. Yana kiran Inna da ɓoyayyiyar lamba. In ya ji muryata na shigo ɗakin ina sallama, sai ya kashe.

Ana tsakiyar zafin bazarar nan wani dattijo ya zo rumfata, siriri, da tabarau da jakar fata. Ya gaishe ni da Barbarci, ya ce wushe, na ce wushe. Sunansa Ba Kyari, tsohon akanta ne da ya yi ritaya, shi ke riƙe da kwamitin da ke tsaya wa 'yan ƙungiyarsu in an taka su, a reshen Maiduguri.

Ya ce, "Kai ne Ado mai ba da haƙuri?"

Na ce ni ne.

"To ka yi ɓarna. Amma ba faɗa na zo yi maka ba."

Ya zauna kan kwali ya yi mini bayani dalla-dalla. Bayan Babbar Sallah za a yi zama kan ƙarar Nasiru. In bai amsa da hannunsa ba, za a yanke ba ya nan, a soke sunansa, a karɓe hatimin. Su kuma kwamitinsu sun rubuta wa kamfanin sau huɗu a kawo shaidar takardun da aka ce ya fitar, ba a kawo komai ba sai muryata. Ya ce, "Ƙararsu ƙafa ɗaya gare ta, kai ne ƙafar." Sai dai dokarsu ta hana su tsaya wa mutumin da bai nema a rubuce ba. Sun ji daga direbobi yana Injamena wurin wani abokin karatunsa. "Zan je da kaina. Kai ka san fuskar abokin, ni ban sani ba. Kuma ina son mai ɗaukar jaka."

Ban ce bari in yi shawara ba. Na rufe rumfa.

Da sassafe muka hallara a tashar Muna, motoci a jere ana jiran sojojin rakiya. Mun daɗe a tsaye rana na hawa. Mu bakwai ne a ƙaramar mota, ni da Ba Kyari a tsakiya, kusa da mu wata tsohuwa mai suna Ya Fanna da ke kai atamfa Kusuri, garin Kamaru da ke bakin iyakar Chadi, ta bi hanyar nan har ta san sunan kowane rami. Da za a ɗaure kaya na ga jakar Ba Kyari ta yi ƙanƙanta a bar ta ita kaɗai, sai na cusa ta cikin buhuna, inda na sa bandar tarwaɗa mai kyau da na zaɓar wa Nasiru, irin wadda yake so tun yana yaro. Ya Fanna ta shaƙi iska ta ce, "Ɗan nan, kifi za ka kai Chadi? Daga can ya fito fa. Ko shi ma ɗan'uwansa ya ɓata?" Duk motar aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

Hanyar Mafa zuwa Dikwa ba sai na faɗa muku ba. Shinge, a sauka, a ɗaga riga, a hau, wani shingen. Garuruwan da na san su da kasuwa da mai shayi, wasu sun fara tashi, wasu har yau bango ne ba rufi. Na tuna lokacin da mutum zai je bakin tafkin Chadi ya sayo kifi ya dawo ya yi magariba a masallacin unguwarsu, ba wanda ya tambaye shi ko katin komai. Na kau da kai daga taga na tambayi Ba Kyari abin da ke damuna tun a rumfa.

"Ba Kyari, ku ne za ku hukunta shi, ku ne kuma za ku kare shi?"

"Gida ɗaya ne, ɗakuna daban. Masu hukunci ba sa shiga namu, mu ba ma shiga nasu."

"Mu a kasuwa in an zalunci ɗan ƙungiya, shugaba ya kira kowa a ƙarƙashin rumfa, a faɗa wa juna magana, a yi fatiha, kafin azahar an gama."

"Ku in kun gama a rumfa ya ƙare. Mu abin da aka rubuta a kan mutum yana bin sa har Legas, har ƙasar waje, har bayan ransa. Shi ya sa ba ma roƙo. Wanda ya ce ɗanmu ya yi laifi, mu ce masa kawo mu gani. Muna da lauya, daga kuɗin da kowa ke zubawa ake biyansa, don irin wannan ranar." Ya gyara tabarau. "Kuma ba don Nasiru kaɗai ba ne. In aka kori wanda ya ƙi buga hatimi kan ƙarya muka yi shiru, gobe kowane yaro zai buga. Shekara da shekaru muna kai wa 'yan majalisa takarda a yi dokar da za ta kare irinsa. Kullum ana dubawa."

Ya Fanna ta ce, "Ni ma wani ya shekara uku yana duba ni, har na auri wani." Ba Kyari, mutumin da tun safe ban ga haƙorinsa ba, sai da ya cire tabarau ya share ido.

A Gamboru muka kwana, a barandar wani tsohon abokin cinikina. Tabarma, sauro, tuwon dawa da miyar kuka. Ba abin faɗa.

Washegari muka taka gada zuwa Fotokol, ƙasar Kamaru. Nan aka ce a fito da takardu. Na kwance buhu, Ba Kyari ya zaro jakarsa, sai ga ta tana naso. Zafin kwana guda ya narkar da man tarwaɗa, ya bi ta zik ɗin ya shiga fayil. Takardar ƙungiya mai tambari, wadda Nasiru zai sa wa hannu, ta zama kamar takardar da aka naɗe ƙosai. Jami'in ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya sunsuna, ya kira abokin aikinsa shi ma ya sunsuna, suka yi ta Faransanci suna dariya. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, sau biyu ke nan ina kashe yaron nan da taimako.

Ba Kyari ya karɓi takardar. Ya sa hannu a aljihun 'yar cikinsa ya fito da wata a cikin leda. Ya ce akwai ta uku naɗe a sallayarsa. Mutumin nan komai nasa uku ne. Katin rigakafina ma ashe ya yi masa kwafi tun a Maiduguri ban sani ba. In da hali da ni ma ya yi kwafina ya bar ɗaya a gida. Da muka wuce ya ce, "Daga yau kai da kifinka gefe guda, ni da jakata gefe guda." Haka aka yi.

Fotokol zuwa Kusuri ba hanya ba ce, gwajin haƙarƙari ne. Inda muka tsaya cin abinci na fara ganin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, bayansa tauri, ana ɗaukarsa a hammata ba leda. Na gatsa ya yanke mini dasashi. Ya Fanna ta ce a tsoma a shayi ake yi, baƙauye. A Kusuri muka rabu da ita, ta ce in na ga ƙanen nawa kada in fara da magana, in fara da abinci. Muka bi ayarin masu ƙafa muka haye gadar da ke kai mutum Chadi, ana sauri don da yamma ake rufewa.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a Injamena babura ne. Ku kun san shekarun da muka yi a Maiduguri ba mu ga babur a titi ba, sai Keke. Can kuwa kamar fari. Maza, mata, tsohuwa da lulluɓi tana murza nata. Da na hau na haya sai na ga na manta yadda ake zama. Na rungume mai tuƙin ta ciki, yana ta yi mini Larabci yana ture hannuna, hulata ta tashi a wani shataletale ban ƙara ganinta ba. Amma iskar da ta buge ni a fuska ta tuna mini da wani abu. Ni na koya wa Nasiru babur a filin makarantar unguwarmu, ina gudu a bayansa riƙe da kariyar babur ɗin ina cewa kada ya kalli ƙasa.

Mun sauka wurin wani fatoma, wato mai saukar da fatake, Bahaushe da aka haifa a can, Hausarsa rabi Larabci. Ɗaki ɗaya, tabarmi biyu, randa a gindin dalbejiya. Lalen marabarsu irin tamu ce, sai dai gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, har ka gaji da amsawa. Abincinsu kisira, wata waina ce shimfiɗaɗɗiya sirirya mai ɗan tsami, da miyar kuɓewa busasshiya. Nama kuwa ba sa yi masa ƙuli kamar tsirenmu, gasawa kawai suke a zuba a faranti ɗaya da yaji da lemon tsami, kowa ya sa hannu, ko ba ka san mutum ba zai ce ka matso. Shayinsu ja wur a ɗan ƙaramin kofi, sukari kamar za a yi alewa. Na leƙa kasuwar kifinsu don ido ba ya barin sana'a. Ya Fanna ta yi gaskiya. Irin bandar da na sha wahalar ɗaukowa tana nan tuli, har ta fi tawa girma.

Kwana biyu muna neman abokin nan. Da muka same shi a shagonsa na kayan mota, ya gan ni ya sunkuyar da kai, ya ce an hana shi faɗa. Ba Kyari ya nuna masa takardar ya ce, "Karanta ranar zaman." Ya karanta, ya ɗauki makulli ya ce mu biyo shi.

Wani sito ne na ƙaro a bayan babbar kasuwa. Na hango mutum tsaye gaban sikeli da tsohuwar jallabiya, yana ɗinke bakin buhu da basilla. Da ba don tsayuwarsa ba, yadda yake karkata kafaɗar hagu kamar Babanmu, da na wuce shi. Ya rame. Furfura ta fito masa a gemu, ni da na ba shi shekara tara ban kai shi ba. Mai siton ya so ya ba shi aikin ofis da ya ji ko shi waye, Nasiru ya ce shi ya bar biro.

Ya ga Ba Kyari ya saki basilla, ya zo ya rusuna. "Ranka ya daɗe, har nan?"

"Har nan. Wasiƙa huɗu na aiko maka gida, ko ɗaya ba ta samu mai karɓa ba, na ce bari in zama ta biyar."

Sannan ya dube ni. Duk maganar da na tsara tun daga Muna ta gudu. Ya ce, "Yaya, ya Inna?"

Na ce, "Tana nan. Ƙafar ce."

"Tana shan maganin?"

"In ta ga dama."

Shi ke nan abin da muka ce wa juna a ranar. Na miƙa masa ƙunshin banda. Ya buɗe, ya ɗauki ɗaya ya karya, ya duba cikinta yadda na koya masa, ya ce, "Ta wurin Modu mai banda ce wannan." Na ce ita ce. Ya naɗe ya sa a ƙarƙashin benci, bai ce na gode ba, bai kuma mayar mini ba.

Ba Kyari ya zaunar da shi kan buhu ya bi masa komai daga farko. Nasiru ya ce shi ya ɗauka ƙungiya ta gama da shi tun ranar da ta ji muryar wansa. Ba Kyari ya ce, "Kai ka yanke wa kanka hukunci, mu ba mu yanke ba. Shekara nawa kana zuba kuɗin ƙungiya? Ka ɗauka na shan lemo ne ranar taro? Ka gudu ka bar mu muna faɗa da kujera ba kowa a kai." Nasiru ya ce a ba shi ya yi tunani.

Ko ya yarda ma, sa hannun ba ya yiwuwa a kan buhu. Sai a gaban shaida, ɗan ƙungiyar akantocin can, don su ma suna da tasu, kuma Ba Kyari ya zo da wasiƙa daga reshenmu zuwa gare su. Muka je ranar Juma'a bayan masallaci muka tarar an kulle. Can ranar Juma'a rabin yini ake aiki, sauran ranakun ma kafin la'asar kowa ya kama gabansa. Dole muka jira Litinin. Ba Kyari ya yi ta ƙunƙuni, ni kuwa a raina na gode wa Allah da wannan al'ada tasu, don ta ba ni kwana biyu ina zuwa sito in zauna a inuwa ina kallon ƙanena yana ɗinkin buhu. Ba ma magana. Ran Lahadi da azahar ya turo mini farantin nama da ƙafa ya ce, "Ci, Yaya." Na ci, ban ji ɗanɗanon komai ba.

Ran Litinin wata mata ce ta karɓe mu, Madam Halime, ta ajiye baburinta a ƙofar ofis. Ita da Ba Kyari suka yi ta Larabcin Shuwa. Ta karanta wasiƙar, ta dubi Nasiru, ta ce su ma sun taɓa samun irin wannan, mutuminsu yanzu yana kan aikinsa. Ta miƙa masa biro. Ya karɓa. Sannan ya rubuta da hannunsa cewa yana neman ƙungiya ta tsaya masa, ya sa hannu, ta buga nata hatimin. Ni ma aka rubuta nawa bayanin, cewa ba shi ya aike ni ba, ban kuma san komai game da takardun kamfani ba. Aka karanta mini, na sa hannu. Ba Kyari ya sa aka yi kwafi uku-uku.

Na ɗauka an gama. A bakin titi na ce, "To, sai mu kama hanya gobe?"

Nasiru ya ce, "Ku za ku kama."

"Ai ka sa hannu."

"Na sa. Wannan takardar za ta wanke ni a wurin akantoci. A Lamisula fa? Liman ya ji da kunnensa wana ya ce na yi kuskure. Bulama ya ji. A sahun da zan tsaya sallah, kowa ya san Nasiru ne wanda aka yafe wa. Ban yi komai ba, Yaya, kuma an yafe mini. Da wace fuska zan zauna a nan?"

Na juya wurin Ba Kyari ko zai sa baki. Ya ce, "Kada ka kalle ni. Wannan ba mu da fom ɗinsa."

Na ce, "To me kake so in yi? Haƙuri in an ba da shi ya tafi. Ba a taɓa jin wanda ya je ya karɓo ba."

Ya ce, "Ni ma ban taɓa ji ba." Ya karɓi wayata ya sa lambarsa, ya miƙo mini, ya tsayar da babur ya koma sito. Da safe bai zo rakiya ba.

Dawowa ba ni da labarinta. Hanyar ce dai, da shingayenta. Abin da na sani, daga Kusuri har Muna ba na jin komai sai wannan magana: ban yi komai ba, kuma an yafe mini.

Kwana uku da isowata na je wurin Liman. Ya saurare ni ya ce, "Ado, wannan ba a yi." Na ce na sani, amma ku kuka raka ni na ɓata, ku za ku raka ni in gyara. Bulama ya ce zai zo ko don ya ga yadda ake yi. Cikin dattawan kasuwa biyun ɗaya ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, ɗayan ya zo da sandarsa. Ban sayi goro ba.

Alhaji ya karɓe mu a falon nan dai, ya ɗauka wani roƙon ne, har ya ce a kawo lemo. Ban durƙusa ba. Na ce, "Alhaji, shekara biyu da suka wuce na zo nan a gaban waɗannan mutane na ce ƙanena ya yi kuskure. Ban san abin da nake faɗa ba, ba shi ya aiko ni ba, kuma bai yi ba. Na zo in karɓi haƙurina. In akwai mai waya a gefe, ya ɗauki wannan ma."

Alhaji ya ce, "Malam Liman, ka ji rashin kunya?"

Liman ya ce, "Na ji magana dai. Wancan karon ma na ji, ban tambaya ba. Laifina ne ni ma."

Alhaji ya ce maganar tana hannun lauyoyi, ya tashi ya shige ciki. Lemon ya iso ba mai sha. Bulama ya ɗauki nasa ya sa a aljihu ya ce shi ba a yi da shi asara.

A ƙofar gidan na kira lambar da Nasiru ya sa mini. Ya ɗauka, na ce ga Liman, na miƙa. Liman ya faɗa masa duk yadda aka yi, bai rage ba, ya ƙara da cewa ranar Juma'a bayan sallah zai maimaita a masallaci kowa ya ji. Ya saurara, sannan ya miƙo mini ya ce, "Kai yake so."

Na kara a kunne. Ina jin hayaniyar babura a bayansa.

Ya ce, "Yaya."

Na ce, "Na'am."

"Ba Kyari ya ce in iso kwana uku kafin zaman, lauya na son ganina. Ta gida zan biyo. Kada ka tara mini mutane. Kai kaɗai ka zo tasha."

Ban san yadda zaman zai kaya ba. Ba Kyari ya ce ƙafar ƙarar ta karye, amma shi ba ya faɗin abu sai ya gan shi a rubuce. To masu tambaya, abin da ke nan ke nan. In kun zo rumfa da la'asar kun tarar a rufe, kada ku ce an sake tsare ni. Talatar makon jibi Nasiru ya ce zai iso, na sani, na ji da kunnena. Yau Alhamis, kuma sau biyu ke nan ina zuwa tashar ina duba masu saukowa.